Jikar Marisuwa: Tarihin Murar Hunturu Daga Bakin Iyakar Kongolam

Gabatarwa

A gidanmu da ke Kongolam, tsofaffi ba sa ƙirga shekaru da lamba, da abin da ya faru suke ƙirga su. Duk lokacin da aka tambayi kakata shekarun mahaifinta, amsarta ɗaya ce: "An haife shi shekarar marisuwa, ko arba'in ba a yi ba uwarsa ta rasu, kishiyarta ce ta shayar da shi." Tun ina ƙarami nake jin wannan kalma, na kuma ɗauka sunan wata yunwa ce ko wani yaƙi, domin ba a ambatonta sai an biyo da "Allah kada Ya maimaita." Sai da na shiga jami'a na fahimci cewa marisuwa mura ce. Mura dai, 'yar'uwar wadda ke zuwa mana duk hunturu, wadda idan ta kama mutum aka je gaishe shi yakan ce, "Ba komai, 'yar mura ce."

Bahaushe kalma ɗaya gare shi ga cututtuka biyu. Akwai mura mai sauƙi wadda ke tsayawa a hanci, mutum yana fyace majina yana harkokinsa. Akwai kuma mura mai zazzaɓi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai auka wa ƙato farat ɗaya ta kwantar da shi. A kan ta biyun wannan muƙala take magana. Za ta bi sawunta daga 1918 zuwa yau, ta nuna yadda ta shigo ƙasar Hausa, da yadda aka gano abin da ke haddasa ta, da dalilin da ya sa take zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki da tari. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, murar hunturu jikar marisuwa ce, alamominta kuma saƙo ne da jiki yake aikowa. Kakanninmu sun ji saƙon, amma ba su da hanyar fassara shi. Mu kuwa muna da ita.

Ƙasar Daura a Jajibirin Annoba

A shekarar 1918 Sarkin Daura Abdurrahman yana da shekara bakwai a kan gadon sarautar da ya gada daga mahaifinsa Sarki Musa a 1911, Daura kuma tana ƙarƙashin lardin Kano. Iyakar da ta raba mu da 'yan'uwanmu na Ɗan Barto da Matamaye da Kance sabuwa ce, domin tsakanin 1906 da 1908 ne jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamominta. Damagaram kuwa ita ce hedikwatar mulkin sojan Faransa a ƙasar Nijar tun 1911. Ke nan hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Daura ta nufi Damagaram ta haɗa manyan cibiyoyi biyu na mulki da ciniki, yankin da Kongolam take kuma yana kan wannan hanya.

Abubuwa uku ne suka share wa annoba fage. Na farko jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Daga kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma da fatake daga ko'ina suka riƙa tururuwa zuwa Kano da jakuna da raƙuma, tafiyar da a da take cin makonni tsakanin bakin teku da Kano ta koma 'yan kwanaki. Na biyu yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, da ta fi tsanani a garuruwan arewacin ƙasar Hausa irin namu. Ta kashe mutane da dabbobi, ta tarwatsa gidaje, shekara huɗu kuma ba su isa jama'a ta gama farfaɗowa ba. Na uku Yaƙin Duniya na Ɗaya. An ɗebi sojoji da 'yan dako daga Arewa zuwa Kamaru da Gabashin Afirka, likitocin gwamnati kuma, waɗanda dama 'yan ƙalilan ne kuma yawancin aikinsu kula da Turawa da sojoji da ma'aikata ne, an janye wasunsu zuwa fagen daga. Haka annoba ta tarar da ƙasa: hanyoyi a buɗe, jikuna a raunane, babu mai magani.

Daga Bakin Teku Zuwa Bakin Iyaka

Cutar ta fara bayyana da sauƙi a farkon 1918 a sansanonin sojan Amurka da na Turai. Ƙasashen da ke yaƙi sun hana jaridunsu bayyana girmanta, sai jaridun Sifaniya, wadda ba ta shiga yaƙin ba, suka riƙa ba da labarinta a fili. Da haka aka laƙaba mata sunan murar Sifaniya, alhali ba can ta samo asali ba. A watan Agusta ta dawo da fuskar kisa. Ranar 15 ga wannan wata jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta ƙasar Saliyo da marasa lafiya a cikinsa. Ranar 14 ga Satumba kuma wani jirgin mai suna Bida, da ya taso daga gaɓar ƙasar Gana ta yau, ya sauke fasinjoji masu ɗauke da cutar a Legas.

Daga Legas ta hau jirgin ƙasa. A farkon Oktoba tana Abekuta da Badun, daga nan ta bi layin dogo da Kogin Kwara ta nufo Arewa, kafin shekara ta ƙare ta game lardunanta. Wannan lokaci ya zo daidai da shigowar shekarar 1337 ta Hijira, ya kuma zo daidai da kaka, lokacin da hanyoyin Kano suka fi cika da masu kai gyaɗa. Mai ɗauke da ƙwayar mura yakan yi kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ya ji wani abu a jikinsa, yana kuma iya shafa wa wani tun kwana guda kafin ya kwanta. Saboda haka falke zai iya barin Kano lafiya lau da yadi da goro, zazzaɓi ya rufe shi a zango na biyu, ya bar tari a kowace rumfa da ya kwana. Turakun da aka kafa a iyaka an yi su ne don haraji da mulki, ba su taɓa tare numfashi ba.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 500,000 ne suka mutu a Nijeriya cikin 'yan watanni, daga jama'ar da ba ta wuce miliyan 18 ba. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta cewa ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane, ta kashe kimanin miliyan 50, wato fiye da waɗanda yaƙin shekara huɗu ya kashe.

Abin da Idon Mutane ya Gani

Bayanan da likitoci suka rubuta a ƙasashe daban-daban a wancan lokaci sun yi kama da juna. Mutum yana cikin aikinsa sai sanyi ya kama shi, kai ya sara, gadon baya da ƙafafu su yi tsami, zazzaɓi ya hau, tari ya biyo baya. Wasu sukan yi haɓo. Waɗanda abin ya yi wa tsanani numfashinsu yakan yi sama-sama, leɓɓansu da kunnuwansu su koma shuɗi-shuɗi, daga nan kuma ba kasafai ake tashi ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne waɗanda ta zaɓa. Mura ta saba ɗaukar jarirai da tsofaffi, amma ta 1918 ta fi kashe masu shekara 20 zuwa 40, da mata masu ciki da masu jego, wato ginshiƙan gida.

Wannan ya yi daidai da abin da kakata ta ji daga bakin matar da ta raini mahaifinta. Ta ce gida guda yakan kwanta a rana ɗaya, babu mai daka, babu mai ɗebo ruwa, dawa tana gona ba mai yanka. Ta ce wanda ya sami mai ɗura masa kunu da ruwa ya fi samun tashi. A wannan jumla ta ƙarshe akwai ilmin da har yau likitoci suke tabbatarwa: a annobar mura, jinya tana ceton rai.

Mutane sun nemi dalili. A ƙasar Hausa an danganta irin wannan ciwo da sanyi da mugunyar iska, aka yi maganinsa da citta da kanumfari da masoro da lulluɓa, aka haɗa da addu'a da sadaka. Kada mu yi gaggawar raina su. Kalmar infuluwenza kanta daga harshen Italiya ta fito, ma'anarta tasiri, domin mutanen can sun ɗauka tasirin taurari ne ke kawo ta. Mai zargin taurari da mai zargin sanyi duk abu ɗaya suka lura da shi: ciwon yana da lokacinsa a shekara. Likitocin Landan ma a 1918 ba su san ainihin mai laifin ba.

Yadda Aka Gano Mai Laifi

A 1892 wani masanin Jamus mai suna Richard Pfeiffer ya sami wata ƙwayar bakteriya a majinar masu mura, ya ɗauka ita ce sanadi, duniya kuma ta bi shi a kan haka har lokacin marisuwa. Sai a 1931 Richard Shope na Amurka ya nuna cewa murar aladu tana zuwa ne daga wata halitta da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wadda ake kira bairos. A 1933 masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka ware bairos ɗin murar ɗan'adam ta hanyar shafa shi ga wata ƙaramar dabba mai kama da tunku. A shekarun 1940 aka fara allurar rigakafi, a 1952 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa ido a kan mura a faɗin duniya.

Ita kanta ƙwayar 1918 sai bayan kusan shekara casa'in aka ga fuskarta. A 1997 aka samo ɓurɓushinta a huhun wata mata da aka binne cikin daskararriyar ƙasa a wani ƙauye na Alaska, aka haɗa da samfuran huhun sojoji da aka adana tun 1918, a 2005 aka kammala karanta tsarin halittarta. Nau'in da ake kira H1N1 ce. Binciken ya tabbatar da cewa ba ta mutu da ƙarewar annobar ba. Ta lafa ne, ta koma murar kowace shekara, bayan jikunan da suka tsira sun koyi gane ta.

Kayan gadon bairos ɗin mura nau'in A kashi takwas ne, kuma idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya sukan yi musayar waɗannan sassa. A 1957 zuriyar marisuwa ta karɓi sassa uku daga murar tsuntsaye, aka sami annobar Asiya ta H2N2. A 1968 aka sake musaya, aka sami H3N2 ta Hon Kon. A 2009 wata H1N1 ta fito daga aladu, ita ma da sassan da asalinsu ke komawa ga 1918. H3N2 da H1N1 ta 2009 su ne nau'in A da ke yawo a tsakaninmu yau, tare da nau'in B wanda gidansa daban ne. Ke nan kiran murar hunturu jikar marisuwa magana ce ta nasaba. Jikar ba ta kai kakarta kisa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara tana jefa mutum miliyan 3 zuwa 5 cikin ciwo mai tsanani, tana kashe 290,000 zuwa 650,000 ta hanyar cututtukan numfashi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da ke Faruwa a Cikin Jiki

Ƙwayar mura tana shiga ta hanci ko baki, a cikin feshin da mai ciwo ya fitar wajen tari ko atishawa ko magana, ko ta hannun da ya taɓa majina ya koma fuska. Ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Sai ta manne wa ɗaya daga cikin ƙananan tubalan da suka shimfiɗe hanyar numfashi, waɗanda masana ke kira sel, ta kutsa cikinsa, ta tilasta masa ya bar aikinsa ya koma ƙera mata 'ya'ya. Cikin sa'o'i sababbin su fito su auka wa maƙwabta. A wannan mataki mutum bai ji komai ba tukuna.

Yawancin wahalar da mai mura ke sha daga martanin garkuwar jikinsa take fitowa. Tubalan da aka mamaye, da dakarun jini da suka kawo ɗauki, sukan saki wasu sinadarai na gangami, irin su intaferon da dangoginsa da ake kira saitokin. Waɗannan sukan bi jini su kai labari ko'ina. Shi ya sa ƙwayar tana maƙogwaro amma mutum yana jin ciwo a cinya. In ka ji gangami, akwai labari.

Mu fara da zazzaɓi. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira haifotalamus, wanda ke riƙe zafin jiki a kusan digiri 37. Idan saƙon gangami ya iso, jiki yakan samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke ɗaga wannan mizani zuwa 39 ko 40. Nan take jiki ya ga bai kai inda ake so ba, sai ya tsuke jijiyoyin jinin fata, ya hau karkarwa don ya tara zafi. Wannan ne dalilin da ya sa mara lafiya yake neman bargo alhali fatarsa kamar garwashi. Zafin yana rage wa ƙwayar saurin hayayyafa, yana kuma ƙara wa dakarun jiki kuzari. Idan yaƙi ya lafa mizani ya sauko, sai gumi ya karyo don a zubar da rarar zafi. Tsofaffi sun yi gaskiya da suka ce gumi alamar sauƙi ne, sai dai gumin sakamako ne na sauƙin, don haka jibga wa yaro mai zazzaɓi barguna domin a tilasta masa gumi wahala kawai yake ƙara masa.

Ciwon kai da tsamin jiki da ciwon gaɓoɓi daga sinadaran nan suke, domin suna sa jijiyoyin jin zafi su riƙa amsa abin da a da ba ya damunsu. Kasala da yawan barci da ƙin abinci kuwa umarni ne daga ƙwaƙwalwa cewa a kwanta, a tattara ƙarfi wuri ɗaya. Wanda ya ƙi jin wannan umarni ya hau babur ya tafi kasuwar Mai'aduwa ya cuci kansa, ya kuma kai wa wasu.

Toshewar hanci tana faruwa ne saboda jijiyoyin jinin cikin hanci sun buɗe sun kumbura don dakaru su sami hanyar isa fagen fama. Majina ruwa ne da jiki ke ƙara zubowa don ya kama ƙwayoyin ya wanke su. Idan ta yi kauri ta koma ɗorawa ko kore, launin daga dakarun jini da suka mutu a bakin aiki yake, kuma shi kaɗai bai isa hujjar shan maganin kashe bakteriya ba. Ciwon maƙogwaro kumburin wurin da aka fara gwabzawa ne. Ƙananan yara kuma sukan haɗa da amai ko gudawa.

Tari shi ne alamar da ta fi daɗewa, dalilinsa kuma shi ne mabuɗin fahimtar marisuwa. Hanyar numfashi tana da wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, waɗanda ke aiki kamar tsintsiya, suna share majina da ƙura zuwa sama dare da rana. Ƙwayar mura tana lalata tubalan da ke ɗauke da wannan tsintsiya, ta bar jijiyoyi a tsiraice, ƙura kaɗan ko iska mai sanyi sai ta tayar da tari. Yakan kai mako biyu ko fiye kafin wurin ya warke. A wannan tsakani ƙofar huhu a buɗe take, bakteriyar da ke zaune lafiya a hanci da maƙogwaro sai ta gangara ta haddasa namoniya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, bayan sake duba samfuran huhun waɗanda suka mutu a 1918, ya nuna cewa irin wannan namoniya ce ta kashe mafi yawansu. Shuɗin leɓe da aka gani alama ce ta huhun da ya cika da ruwa har iskar oksijin ta kasa shiga jini. Mai ciki da mai jego kuwa garkuwar jikinsu da numfashinsu suna cikin sauyi, shi ya sa mura take fin ƙarfinsu. A nan na fahimci abin da ya sami mahaifiyar kakan nawa.

Me ya Sa Sai da Hunturu?

A ƙasashen Turai mura da lokacin sanyi take zuwa. A yankinmu na Sahel ma binciken cibiyar CERMES da ke Yamai, wadda ke sa ido a kan mura a Nijar tun 2009, ya nuna cewa ta fi yawa a watannin sanyi da bushewa. Dalilan a bayyane suke ga duk wanda ya yi hunturu a Kongolam. Busasshiyar iska tana ba ƙwayar damar daɗewa da ranta a sarari. Tana kuma busar da majinar da ke kare hanci, ta rage wa tsintsiyar nan ƙarfi, ƙura ta ƙara mata nauyi. Da dare kuma mutane sukan cunkushe a ɗaki ɗaya, a toshe taga, a hura wuta, kowa yana shaƙar numfashin ɗan'uwansa da hayaƙi. Kakanninmu da suka zargi sanyi ba su yi nisa da gaskiya ba. Sanyi ba shi ne ɓarawon ba, amma shi ke buɗe masa ƙofa.

Iyaka Ba Ta Tare Tari

Tarihin kusa ya maimaita darasin 1918. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya ta ƙasar Nijar, maƙwabciyar masarautar Daura. A 2020 kuma, duk da cewa an rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa tun Agustan 2019, cutar korona, wadda ƙwayarta daban ce amma hanyar yaɗuwarta ɗaya da ta mura, ta iso Daura a watan Afrilu har aka rufe garin. Abin da ke taimako shi ne sa ido da musayar labari. Tun 2008 Nijeriya take da tsarin ɗaukar samfuri daga masu alamun mura a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Irin wannan aiki ne ke ba masana damar sanin nau'in da ke yawo, su sabunta allurar rigakafi, domin ƙwayar tana sauya kamanni kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan sauyi ne kuma ya sa wanda ya yi mura bara yake iya sake yin ta bana.

Karanta Saƙon Jiki

Hunturun shekara biyu da suka wuce ƙanena, ɗan shekara tara, ya dawo daga makaranta da zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari. Aka kai shi wurin wani mai kemis, ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da gwaji ba. Da bai sauka ba aka sauya wani. A rana ta biyar ya ɗan warware har ya nemi abinci, muka ce an rabu. Washegari da dare zazzaɓin ya dawo fiye da da, numfashinsa ya yi sauri, ƙasan haƙarƙarinsa yana faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska. Kakata ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce da mahaifina, "Ɗauki yaron nan yanzu, irin wannan numfashi aka ba ni labari." A asibiti gwaji ya nuna babu cutar sauro a jininsa. Namoniya ce ta biyo bayan mura. Ya kwana huɗu ana ba shi iskar oksijin da allurai, Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Kuskurenmu shi ne mun ɗauki kowane zazzaɓi na sauro ne, kowace mura kuma ba komai ba ce. A ƙasar da cutar sauro take kisa, duk mai zazzaɓi ya kamata a yi masa gwajin jini tun farko. Idan babu ita, ga kuma tari da ciwon maƙogwaro da tsamin jiki da suka zo farat ɗaya, wasu a gidan ma suna fama da irinsa, to a yi zaton mura. Yawancin mutane sukan warke cikin mako guda da hutu da yawan shan ruwa da kunu mai ɗumi da farasitamol. Citta da zuma suna sanyaya maƙogwaro, sai dai ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma, ba a kuma ba yaro mai mura asfirin. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa bairos, amfaninsu yana zuwa ne idan namoniya ta shigo, wannan kuwa hukuncin likita ne. Akwai maganin bairos ɗin kansa mai suna oseltamibir, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne saurin numfashi ko wahalarsa, faɗawar ƙasan haƙarƙari ga yaro, ciwon ƙirji, sauyin launin leɓe, ruɗewa, jijjiga, kasa shan ruwa ko nono, da zazzaɓin da ya tafi ya dawo da ƙarfi. A ƙara lura da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi daga shekara 65, da masu ciki da masu jego, da masu asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya ko sikila. Mai mura ya rufe bakinsa wajen tari, ya wanke hannu da sabulu, ya nisanci jariri da tsoho, a kuma bar wa ɗaki mashigar iska ko da ana sanyi.

Kammalawa

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura. Alheri ne babba, amma waiwaye adon tafiya: jirgin da ya kawo cinikin gyaɗa shi ne ya kawo marisuwa. Duk hanyar da ta kusantar da kasuwa tana kusantar da tari, kuma masana sun yarda cewa wata sabuwar annobar mura za ta sake zuwa, ranarta ce kawai ba a sani ba. Garin bakin iyaka irin Kongolam yana cikin waɗanda za su fara karɓar baƙuwar.

Mutanen 1918 ba su da gwajin jini, ba su da iskar oksijin, ba su san sunan abin da ke kashe su ba. Duk da haka sun bar mana abin da suka gani, ya bi bakin mata daga ɗaki zuwa ɗaki har ya iso kunnen kakata, bayan shekara fiye da ɗari kuma ya ceci ran jikanta. Abin da ya rage mana shi ne mu haɗa wannan gado da ilmin da muka samu a makaranta, mu koya wa iyaye mata da masu kemis da malaman makaranta bambancin murar da ake jinya a gida da wadda ake gudu da ita asibiti. Idan hunturu ya kama, wani ya ce maka 'yar mura ce, ka yi masa sannu, sannan ka dubi yadda yake numfashi.